Yadda Za Ka Kalli Bewitched Har Ka Fitar da Gwaninka

Bari in fara da kuskuren da na yi, don kada ka maimaita shi. Wani yaro mai tura finafinai a waya ne ya zuba mini Bewitched a memori, a matsayin gyara kan abin da na saya. Ya ce tsohon shirin barkwanci ne na Amurka, zan yi dariya. Bai jera su ba, ya dai kwaso ya zuba kamar mai awon gero. Daren farko muka kalli kashi biyu ni da uwargida. A na farko mijin Samantha, tauraruwar shirin, wani siriri ne mai manyan kunnuwa, abu kaɗan ya zare ido. A na biyu gidan bai canza ba, matar ba ta canza ba, sunan miji ma yana nan, amma mutumin daban ne. Na juya na ce mata, "Wai sakinta ya yi ta auri mai sunansa?" Ta ce in daina surutu in bar ta ta ji.

Sai daga baya na gane yadda abin yake. Gidan talabijin na ABC ya nuna shirin daga watan Satumba na 1964 zuwa Maris na 1972, zango 8, kashi 254. Mutum biyu ne suka fito a matsayin mijin, Darrin Stephens: Dick York a zango biyar na farko, sannan Dick Sargent daga 1969. Yaron nan ya haɗa mini farkon shiri da ƙarshensa ne a dare ɗaya.

Saboda haka abu na farko, ka jera su kafin ka danna komai. Ka fara daga zango na 1, kashi na 1, ka bi su a hankali. Zango biyun farko baƙi-da-fari aka ɗauke su, kala ta shigo ne a zango na 3, a 1966. Akwai kwafin da aka shafa wa kala daga baya, amma in ka samu na asali ka riƙe shi, domin fuskoki sun fi fitowa da kyau a cikinsa. Ka kunna rubutun ƙasan allo ko da kana jin Turanci, saboda wasu daga cikin 'yan wasan a dandamali suka goge, maganarsu tana da sauri da lanƙwasa. Kuma kada ka zauna ka kwashe kashi goma a zama ɗaya. Kowane kashi kusan minti 25 ne, an tsara shi ne don a gani sau ɗaya a mako. In ka jera su da yawa za ka ga zaren labarin kusan ɗaya ne: wani ya yi sihiri, abu ya cakuɗe, baƙo yana hanya, a warware kafin ya iso. Biyu a dare sun isa. Dariyar da za ka riƙa ji a bayan fage naɗaɗɗiya ce aka liƙa, da farko za ta dame ka, bayan kwana uku kunnenka zai daina jin ta.

Akwai kalmar da ya kamata mu daidaita a kanta tun yanzu. Abin da Turawa ke kiran Samantha da danginta, in ka fassara kai tsaye za ka ce mayu. To ba irin mayyar da muka taso muna jin labarinta ba ce, mai kama kurwar yaro har sai an sa ta tsallake shi. Waɗannan wasu jinsin mutane ne masu tsawon rai na ɗaruruwan shekaru, masu ɓacewa da bayyana, masu mayar da mutum biri ko jaki in ya ɓata musu rai. Ni masu sihiri nake ce musu. Sihirin kuwa na kyamara ne zalla: 'yar wasa ta tsaya cak, a tsayar da kyamara, ma'aikata su kwashe kwanuka ko su ajiye kujera, a sake kunnawa. Abin da ke yawo a iska da siririyar waya aka rataye shi. In ka ƙura ido wani lokaci za ka ga hannun mutum ya ɗan goce daga inda yake. Ni ina jin daɗin kama su.

Labarin kansa gajere ne. Darrin ma'aikacin wani kamfanin tallace-tallace ne a birnin Niyok, McMann and Tate. Ya auri Samantha, sai a daren aure ta gaya masa abin da take. Ya ce ya ji ya gani, amma da sharaɗin ta ajiye sihiri ta zauna kamar kowace matar gida. Ta yarda. Danginta ba su yarda ba. Shekara takwas ke nan a taƙaice.

Yanzu ga dabarar da ta fi yi mini amfani wajen sanin mutanen shirin: ka riƙa lura da yadda kowa ke shigowa gidan. Gida ɗaya ne, lamba 1164 a layin Morning Glory Circle, kusan komai a falonsa da kicin ɗinsa yake faruwa. Amma kowa da hanyarsa ta shigowa, kuma a hanyar nan halinsa yake.

Darrin ta ƙofa yake shigowa, da jaka a hannu, a gajiye, yana neman abin sha. Mutane da yawa ba sa son sa, suna cewa mafaɗaci ne mai takura wa matarsa. Kada ka yanke masa hukunci sai ka ga wani kashi a zango na 1 inda ya gurɗe a ƙafa yana kwance, Samantha ta gaji da hawa da saukar bene ta sa gidan ya riƙa bin umarninsa. Mutumin da ke wa'azin a bar sihiri, da ya ɗanɗana, sai ga shi yana son ajiye aiki a tafi yawon duniya. Abin da ya dawo da shi hankalinsa kyautar agogo ce da furanni da ya saya wa matarsa da kuɗin guminsa, da yadda ta fashe da kuka da ta karɓa. Daga nan na fahimci taurin kansa. Ka kuma sani Dick York da ciwo yake wasan nan. Ya ji mummunan rauni a baya wajen ɗaukar wani fim a 1959, ciwon bai bar shi ba, har aka riƙa rubuta labari inda Darrin ke kwance a gado ko ya yi tafiya. A zango na 5 ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, daga nan bai dawo ba. In ka san wannan, zare idon nan da tsalle-tsallen da yake yi sai su zama wani abu daban a idonka. Sargent ba laifi, amma fushinsa a sanyaye yake, kamar na mutumin da ya riga ya haƙura.

Samantha ba ta buƙatar shigowa, gidanta ne. Elizabeth Montgomery ce, kuma mijinta na lokacin, William Asher, shi ya ba da umarnin kashi masu yawa na shirin. Abin da kowa ya sani game da ita shi ne murguɗa hanci in za ta yi sihiri, tare da ɗan sautin nan kilin-kilin. Ka tsayar da hoton ka duba da kyau: leɓen sama take motsawa, hancin bin sa kawai yake yi. 'Yata ta kwashe mako guda gaban madubi tana gwadawa. Shawarata ita ce kada ka zaɓi Samantha a matsayin gwanarka. Ba don ba ta cancanta ba, sai don zaɓenta kamar a tambaye ka abin da ka fi so a tuwo ne ka ce tuwon. Ita ce mai riƙe kowa, mai ba wannan haƙuri ta lallashi wancan. In kana son ganin abin da Montgomery ta iya in an sake mata mara, jira Serena, 'yar'uwar Samantha mai baƙin gashi da gajeren siket da rawar kai. Ita ɗin ce dai ta fito a matsayi biyu, har aka riƙa rubuta wani sunan bogi, Pandora Spocks, a jerin sunayen 'yan wasa.

Sai Endora, uwar Samantha. Wannan ba ta san ƙofa ba. Kana cikin magana da matarka sai ka ɗaga kai ka ga surukarka zaune a saman bene ko a kan kantar kicin, ta harɗe ƙafa tana kallon ka kamar wanda ya taka kashi ya shigo. Agnes Moorehead ce ta fito a matsayin, tsohuwar 'yar wasa da ta yi aiki da Orson Welles a rediyo da fim, aka kuma sa sunanta cikin masu takarar kyautar Oscar har sau huɗu. Sunan Endora daga labarin matar nan mai duba ta garin Endor aka ciro shi, wadda ke cikin Littafi Mai Tsarki. Ita kaɗai ce dalilin da zai sa ka yi murnar zuwan kala a zango na 3: jan gashi, shuɗin kwalli har kusa da gira, da manyan riguna masu walƙiya.

Abin da za ka saurara a bakinta shi ne sunan surukinta. Ba ta faɗin sa daidai. Yau Durwood, gobe Darwin, jibi "wane ne ma sunansa". A nan ne muka yi doguwar gardama da uwargida. A wajenmu in suruka ta kauce wa sunan mijin 'yarta, kunya ce da kara, girmamawa ce. Mahaifiyar matata shekara da shekaru ba ta taɓa kama sunana a gabana ba, in na shigo gaisuwa ma a taƙaice muke yi kowa kansa a ƙasa. Endora ma kauce wa suna take yi, amma nata raini ne tsagwaronsa: tana nuna masa bai kai ta riƙe sunansa a ka ba. Aiki iri ɗaya, ma'ana ta yi hannun riga. Uwargida ta ce duk da haka Endora ce mai gaskiya. In kana da 'ya mai iya zuwa Faris cin abincin rana ta dawo kafin la'asar, sai wani ya zo ya ce ta ajiye wannan duka ta riƙa goge masa riga, kai za ka so shi? Na rasa amsa. Ka lura kuma, duk tsiyar da Endora ke shuka wa Darrin, in wani daga waje ya taso zai yi masa illa ta gaske, musamman mijinta Maurice mai zafin rai, sau da yawa ita ke shiga tsakani saboda 'yarta. Maurice Evans ne ya fito a matsayin uban, ɗan Ingila da ya yi suna a wasannin Shakespeare, shi ya sa in ya buɗe baki kamar mai huɗuba.

Gladys Kravitz ba ta shigowa, leƙe take yi. Maƙwabciya ce ta tsallaken titi, kullum tana bayan labule. In ta shigo kuwa da ɗan kofi a hannu ne wai ta zo aron sukari. Kowace unguwa tana da irinta. Abin dariyar, wanda in ka yi tunani abin tausayi ne, shi ne duk abin da ta ce ta gani, ta gan shi da gaske. Ta ga hoto yana rataye kansa a bango, ta ga mutum ya ɓace. Ta ruga gida tana ƙwala wa mijinta Abner kira, shi kuwa yana kan kujera da jarida, ko kai ba ya ɗagawa, sai dai ya ce ta sha maganinta. Mai sa-ido ce, amma ba maƙaryaciya ba ce, kuma babu mai yarda da ita. A nan ma mutum biyu ne suka yi wasan. Ka ba Alice Pearce ta zango biyun farko lokacinka. Tana ɗauke da cutar daji tun kafin a fara shirin, ta ɓoye, ta ci gaba da aiki har ta rasu a watan Maris na 1966. In ka kai ƙarshen zango na 2 za ka ga yadda ta rame. An ba ta Emmy, babbar kyautar shirye-shiryen talabijin ta Amurka, bayan rasuwarta. Sandra Gould da ta gaje ta ta fi ƙara da tsiwa, amma tsoron nan na gaske da ke idon Pearce babu shi.

Larry Tate, maigidan Darrin a wurin aiki, da waya yake shigowa, ko ya faɗo da baƙo ba sanarwa ya ce a dafa abincin dare. David White ne, mai farin gashi da gashin baki. Ka kalli fuskarsa lokacin da Darrin ke gabatar da talla ga mai kuɗi. Zai fara cewa wannan shirme ne, da ya ga mai kuɗin ya yi murmushi sai ya ƙarasa jimlar da cewa shi ma abin da yake faɗa ke nan tun farko. Ɗan amshin Shata ne na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san shi.

Kawu Arthur, ɗan'uwan Endora, kansa kawai za ka gani a cikin tukunya ko kwanon abinci yana ƙyaƙyata dariya. Paul Lynde ne. Mutane suna ɗauka yana cikin kowane kashi, alhali fitowarsa ba ta wuce goma da 'yan kai ba, ƙarfin wasansa ne ya sa ake ganin ya cika shirin. Ka nemi inda ya koya wa Darrin wani surkullen ƙarya, da ƙararrawar shanu da usur, wai zai kore Endora da shi. Ka nemi kuma inda aka ƙwace sihirinsu shi da Serena suka koma aikin tsoma ayaba a cakulan. Likitan dangin, Dakta Bombay, kullum daga wani wurin shaƙatawa ake kiran sa, ya bayyana da kayan da ke jikinsa a can, ya ba da maganin da zai haifar da wata cutar. Shi da Esmeralda mai aiki, wadda ke dusashewa in ta ji kunya, ba na farkon shiri ba ne, za ka iske su a hanya.

Na bar tawa a ƙarshe. Anti Clara.

Ita ma mai sihiri ce, amma tsufa ya cim mata. Sauran dangi suna bayyana tsaf a tsakiyar falo, ita kuwa sai ka ji rugum a bututun hayaƙin murhu, ta fito da toka a fuska, hula a karkace, tana in'ina tana neman jakarta. In za ta tafi ta nufi bango da niyyar ratsawa, sai ta yi karo da shi. Ta ja baya, ta gyara hula, ta sake gwadawa. Marion Lorne ce ta yi wasan, tana da shekara sama da tamanin a lokacin.

Ga yadda za ka bi ta. Fitowarta ta farko tana zango na 1, a kashin da wani mai kamfanin alewa ke son a zana masa mummunar tsohuwa mai dogon hanci a tallarsa, su kuma masu sihiri suka ji haushin yadda ake zana su. Daga nan ka tsallaka zuwa zango na 3, nan ne kasuwarta ta buɗe. Fitila ta lalace, ta ce bari ta kira mai gyaran wuta da sihiri, sai ga Benjamin Franklin da kansa tsaye a falo, mutumin da ya rasu tun 1790. Wata rana kuma ta jawo Sarauniya Victoria ta Ingila. A zango na 4 ta kwashe gidan gaba ɗaya har da Gladys ta kai su garin Plymouth na Amurka a ƙarni na 17, inda aka kama Darrin, shi da ba ya da sihirin komai, aka tuhume shi da maita don ya ƙyasta ashana. Amma wanda nake so ka ajiye sai ka natsu shi ne kashin da danginta suka gurfanar da ita gaban shari'a saboda sihirinta ya daina ci, Samantha ta tsaya mata. A ranar ban yi dariya sosai ba. Kakata na tuna, lokacin da ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, aka fara shawarar a raba ta da murhu, ita kuwa murhun nan shi ne abin da ya rage mata.

Ka lura da abu biyu game da Clara. Na ɗaya, a dangin Samantha tana cikin 'yan kaɗan da ke kiran Darrin da sunansa daidai, kuma ita ce wadda yake jurewa ba tare da ya ɗaga murya sosai ba, duk da ta fi kowa jawo masa asara. Ya san ba da gangan take yi ba. Na biyu, jakar nan da take rungume da ita cike take da mariƙan ƙofa. Tara su take yi, ta zauna tana goge su ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma ta ciro na gidan mutane ba ta tambaya ba. Wannan ba marubuta suka ƙirƙira ba, Marion Lorne da kanta tana tara su a gidanta, sai aka sa a shirin. Ni dai duk lokacin da na ga tsohuwar da bango ya daina buɗe mata tana yawo da jakar mariƙan ƙofa, sai in ji wani abu ya tsaya mini a wuya.

Lorne ta rasu a watan Mayu na 1968, bayan zango na 4. Ita ma an ba ta Emmy bayan rasuwarta, Montgomery ce ta hau ta karɓa a madadinta. An canza Darrin, an canza Gladys, an canza matar Larry, amma ba a sa kowa a gurbin Clara ba. Daga zango na 5 babu ita kawai.

In ka gama zango huɗun nan ka riga ka ga mafi kyawun shirin. Sauran ka tsinci abin da ka ga dama. Akwai jerin kashi a zango na 7 da aka je garin Salem na jihar Massachusetts aka ɗauka a 1970, garin da aka rataye mutane bisa zargin maita a 1692, yanzu kuma akwai mutum-mutumin Samantha a cikinsa tun 2005. Akwai kuma kashin Kirsimeti na 1970 kan wariyar launin fata, wanda ɗaliban wata sakandare a Los Angeles suka rubuta labarinsa, inda Tabitha 'yar Samantha da ƙawarta baƙar fata suke son zama 'yan'uwa. Shi ma ya cancanci minti 25 ɗinka.

A gidanmu har yau ba mu daidaita ba. Uwargida tana nan kan Endora, 'yata ta ce Tabitha, ni ina kan Clara. Ranar da mariƙin ƙofar kicin ɗinmu ya cire, na zo zan jefa shi a shara, uwargida ta karɓe ta goge shi da gefen zaninta ta ajiye mini a kan teburin karatu. Yana nan, da shi nake danne takardu.